An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Tsadar Bizar Baƙi da Hana Ƙarin Wa'adi

Baƙon da ya fito daga ƙasar da ba ta cikin ECOWAS yana shiga Najeriya ne ta ɗaya daga cikin ƙofofi uku da tsarin biza na 2020 ya tanada: gajeriyar ziyara, zama na ɗan lokaci, ko zama na dindindin. Mai gajeriyar ziyara ba ya wuce kwana 90. Wanda aiki ya kawo shi kuwa yakan shigo da bizar da sai an daidaita ta, ya miƙa takardunsa ga Hukumar Shige da Fice kafin kwana 90 su cika, a ba shi katin zama na CERPAC wanda zai riƙa sabuntawa. Kuɗin katin dala 1,000 ne a shekara har zuwa Disambar 2018, lokacin da aka ninka shi ya koma 2,000. Daga 1 ga Mayun 2025 an daina buga biza a filin jirgi, an maye gurbinta da bizar intanet wadda ba a ƙara mata wa'adi. Wanda ya zarce kwanakinsa ana cin sa tarar dala 15 kowace rana. In zarcewar ta ɗauki watanni a hana shi shigowa ƙasar har shekara 5, in ta kai shekara hukuncin ya fi haka nauyi.

A kan wannan tsari ne wani marubuci mazaunin Minna ya yi dogon sharhi, inda ya nuna cewa gwamnati ta kama hanya amma ta tsaya a tsakiya. A ganinsa, kamata ya yi a ninka kuɗin dogon zama sau da yawa, a toshe ƙarin wa'adi ga kowane irin baƙo, duk wanda kwanansa ya cika ya koma gida ya sake nema daga can. Hujjojinsa ba na wasa ba ne. Baƙi na kwasar zinaren Jihar Neja ba tare da jihar ta ga komai ba. Suna riƙe da ayyukan da matasan da suka gama jami'a za su iya. Ƙasashen waje suna wulaƙanta ɗan Najeriya a ofisoshin jakadancinsu, don haka a rama. Sannan tunda Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, mutanensu su ma su biya kamar kowa. Ya ƙara da cewa kuɗin da za a tara zai rage wa baitulmali raɗaɗi.

Ciwon da ya nuna yana nan, babu mai musun sa. Duk wanda ya san yankin Shiroro da Rafi da Munya ya san abin da haƙar ma'adinai ta bayan fage ta jawo, kuma duk wanda ya taɓa kwana a layin biza a Abuja ya san ɗacin da ke cikinsa. Gardamar tana kan maganin da ya rubuta, domin ba ya zuwa inda ciwon yake.

Kuɗin biza a kan kanta ake biyan sa, kuma ba ya samun kowa sai wanda ya kawo kansa gaban kantar. Mutumin da ya cike takarda, ya ba da adireshinsa, aka ɗauki hoton yatsunsa, ya dawo bayan shekara don sabunta kati, shi ne baƙon da hukuma ta fi sani kuma ta fi iya kamawa in ya yi laifi. Wanda ya ratso daji a kan babur ba ya sanin an ƙara kuɗi, balle ƙarin ya dame shi. Shi kuwa wanda ya shigo da bizar kasuwanci ya zarce ramin zinare, dala 2,000 ko 10,000 wane abu ne a wurinsa? Idan tsada ce matatar da za ta raba nagari da mugu, to matata ce mai ban mamaki, wadda ke riƙe malamin makaranta ta saki mai injin haƙa ƙasa. Ko marubucin yana da labarin wani mai fasa-ƙwaurin zinare da ya haɗa kayansa ya tafi saboda kuɗin kati ya fi ƙarfin aljihunsa?

Batun ma'adinai ma ba a ofishin shige da fice yake kwance ba. Tsarin mulki ya ɗora ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 ce ke faɗin wanda zai haƙa da inda zai haƙa, lasisi kuma daga ma'aikatar ma'adinai yake fitowa. A Maris 2024 ma'aikatar ta ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai daga cikin jami'an Sibil Difens saboda wannan matsala. Harin da 'yan bindiga suka kai mahaƙar Ajata Aboki a ƙaramar hukumar Shiroro a ƙarshen Yunin 2022, inda aka kashe sojoji da 'yan sanda aka sace 'yan China huɗu, da ruftawar rami a Galkogo a Yunin 2024, sun nuna irin rashin tsaro da rashin sa ido da ke wuraren. Babu ɗaya daga cikin masifun nan biyu da farashin biza zai hana. Baƙon haƙa kuma ba ya gano jijiyar zinare da kansa. Akwai ɗan gari da ya nuna masa wurin, akwai wanda ya sa hannu, akwai wanda ya kawar da kai. Waɗannan duka fasfonsu kore ne.

Maganar ayyukan yi ta fi sauran nauyi, saboda haka ta cancanci a tsaya a kanta. Doka ba ta bar kamfani ya ɗauko baƙo yadda ya ga dama ba. Sai ya nemi gurbi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ya nuna cewa aikin na buƙatar ƙwarewa ta musamman, ya kuma ajiye 'yan ƙasa a ƙarƙashin baƙon suna koyo don su gaje shi. Inda wannan tsari ya lalace shi ne wajen bibiya: a rubuta injiniya a takarda, a je a tarar da mai kula da sito, a rubuta sunayen masu koyo, shekara goma ta wuce ba wanda ya gaji kowa. Gyaran wannan aikin mai duba ne da zai taka ƙafa ya je ma'aikata. Ƙarin kuɗi ba ya korar mai kula da siton, sai dai ya mayar da zamansa abin saye.

An ma gwada shawarar marubucin, kuma ba da daɗewa ba. Ranar 27 ga Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da harajin ɗaukar ma'aikata baƙi: dala 15,000 a shekara kan kowane darakta, dala 10,000 kan sauran. Ƙungiyar masu masana'antu da ta masu ɗaukar ma'aikata da majalisun 'yan kasuwa suka yi ca, kuma mafi yawan masu kukan 'yan ƙasa ne. Ranar 8 ga Maris aka dakatar da shi, bai cika mako biyu ba. Dalilinsu a fili yake: kamfani ba ya cire irin wannan kuɗi daga ribarsa, a kan kaya yake ɗora shi ko a cikin kuɗin kwangila. A jihar da ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, wannan lissafi ba baƙo ba ne. 'Yan kwangilar Italiya ne suka gina Kainji aka gama a 1968. Kamfanonin China ne suka gina Zungeru mai megawat 700, da bashin da Najeriya ce za ta biya. Duk dalar da aka ɗora wa injiniyan da ke irin wannan aiki takan zagaya ta dawo cikin takardar kwangila, gwamnati ta karɓa da hannun dama ta biya da na hagu, sai abin da ya zube a tsakani. Ga shi kuma gwamnatin Mohammed Umaru Bago ta ɗora burinta kan noman zamani, tana zagaya duniya neman masu zuba jari. Yaya za a aika goron gayyata da safe, da yamma a sa wa ƙofar kwaɗo?

Inda sharhin ya fi rauni shi ne batun ƙarin wa'adi. Marubucin ya ɗauka duk wanda ya nemi ƙarin kwana yana da wata manufa a ɓoye. A 2015 Najeriya ta yi tsarin da ya yarda cewa tafiya takan zarce niyya: baƙon da ba ɗan ECOWAS ba, in zai wuce kwana 56 zuwa 90 ya biya dala 200, zuwa kwana 180 dala 1,000, zuwa shekara dala 2,000. Kuɗin ya yi yawa, musamman tsallen da ke tsakanin 200 da 1,000, amma a lokacin akwai ƙofa, kuma wanda ya bi ta cikinta ya sake bayyana a gaban hukuma, an san inda yake da abin da yake yi. Toshe ƙofar ba ya rage dalilan da ke tsayar da mutum. Ƙwararren da aka kira gyaran injin madatsa yana iya zama jiran kayan gyara da suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Legas. Mai binciken da ya zo aiki da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda ke da cibiyar nazarin gubar fumfunar hatsi da shirin WASCAL na sauyin yanayi, yana iya buƙatar ganin damina daga shuka har girbi, ita kuwa damina ba ta duba biza. Wani rashin lafiya ke kwantar da shi ana saura kwana uku ya tashi.

A ɗauki misali ɗaya da kowane gida zai gane. Mace mai fasfon wata ƙasa ta rako mijinta ɗan Minna ganin gida, Allah ya yi masa rasuwa a nan. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, kimanin kwana 130, bizarta kuwa ba ta wuce 90 ba. Ko da a ranar da suka sauka aka yi rasuwar, sai ta zarce da kwana 40, wato tarar dala 600; in sun yi wata biyu kafin rasuwar, tarar ta kai dala 1,500, ga barazanar hana ta dawowa ganin dangin 'ya'yanta. Me marubucin zai ce mata? Ta katse takaba ta hau jirgi, ta cike takarda a intanet ta dawo ta ƙarasa? Dala 15 a canjin 2025 ta haura naira 20,000, ma'ana tarar kwana huɗu ta fi mafi ƙarancin albashin wata na Jihar Neja a lokacin, wato naira 80,000. Tara mai irin wannan nauyi tana da hujja a kan wanda aka buɗe wa hanyar neman izini ya ƙi bi. Idan babu hanyar, mai gaskiya da mai ha'inci sun zama ɗaya a gaban doka, kuma da zarar tarar ta taru ta fi ƙarfin mutum, abin da ya rage masa shi ne ɓuya. Dokar da aka yi don rage baƙin haure sai ta koma tana ƙera su.

Bahaushe ba ya buƙatar a kai shi nesa kafin ya ga haka. Saudiyya ba ta wasa da iƙama: akwai tara, akwai ɗauri, akwai kora da hana dawowa. Duk da haka kalmar takari ba ta mutu ba, kuma jiragen da ke sauke waɗanda aka koro a Kano ba su daina sauka ba. Tsanani ya sa masu zaman sun iya ɓuya, ya kuma buɗe kasuwa ga dillalai.

Ramuwar gayya tana da daɗin faɗi, amma biza harka ce ta ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, kuma kowace ƙasa tana riƙe da littafin lissafinta. A ƙarshen Agustan 2019 Amurka ta ɗora wa 'yan Najeriya ƙarin kuɗi bayan an amince da bizarsu, bisa hujjar cewa abin da Ba'amurke ke biya don shiga Najeriya ya fi abin da ɗan Najeriya ke biya don shiga Amurka. Nan da nan Abuja ta rage nata farashin, amma ƙarin bai tashi ba sai Disambar 2020. Wa ya biya a wannan tsakani? Ɗalibai da marasa lafiya da 'yan kasuwar Najeriya. A Yulin 2025 Amurka ta sake rage yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa wata uku, shiga ɗaya, ta kuma ambaci daidaita mu'amala. Fadar shugaban ƙasa ta musanta cewa Najeriya ce ta fara. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, darasin lissafin bai canza ba. 'Yan Najeriya da ke zaune a waje suna aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara, kuma masu neman fita sun ninka masu neman shigowa nesa ba kusa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ƙasar da 'ya'yanta suka bazu a duniya ita ce ta fi kowa asara a gasar tsada.

Tarihin yankin ma ya riga ya yi wannan gwaji da rayukan mutane. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana, kuma cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Yarabawa da Hausawan zango da aka haifi wasunsu a can. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan sanarwa, mutum wajen miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu 'yan Ghana. Abin da ya rage daga wannan aiki shi ne sunan da aka laƙaba wa jakar da korarrun suka kwashi kayansu a ciki. Tattalin arziki bai farfaɗo ba, aikin yi bai wadata ba, kafin shekarar ta ƙare soja suka kifar da gwamnatin.

Shawarar da ta shafi maƙwabta ita ce mafi haɗari, duk da marubucin ya wuce ta a gurguje. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza ya zauna kwana 90, kuma matakan da suka biyo baya sun ba shi damar neman katin zama. Jihar Neja ba ta da iyaka da Jamhuriyar Nijar, duk da kamar suna. Iyakarta da Benin take, ta ɓangaren Borgu, kuma Benin tana cikin ƙungiyar. Ƙasar Borgu ɗaya ce kafin Ingila da Faransa su raba ta a 1898, Bussa ta faɗo nan, Nikki ta faɗa can, har yau kuma kasuwar Babanna tana ci da mutanen ɓangarorin biyu. Su kuwa Nijar da Mali da Burkina Faso, ficewarsu ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, amma ECOWAS da kanta ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu da barin su zirga-zirga har sai an yi sabon shiri. Su wane ne waɗannan mutane a Minna? Mai shayi ne a Kpakungu, ɗan ga-ruwa a Tunga, mai gadi a Bosso, mai ɗinkin takalma a bakin Kasuwar Kure, ɗan cirani da zai koma kafin ruwan shuka. A nemi dala daga hannun wanda jarinsa kura ce da jarka goma? Ba zai biya ba, ba zai tafi ba; abin da zai faru shi ne farashin "na goro" ya tashi a kowane shingen hanya. Sannan Yamai ta mayar da biki kan fataken Kano da Katsina da Sakkwato da ke Maraɗi da Birnin Ƙonni da Damagaram.

Batun kuɗin shiga ba ya buƙatar dogon zance. Kuɗin biza na asusun tarayya ne, Minna ba ta da kaso na musamman a ciki. Abin da ke shiga hannun ɗan gari shi ne hayar gida da kuɗin otal da na mota da cefane, waɗanda duk suke ƙaruwa da tsawon zaman baƙo.

Akwai kuma abin da ya kamata mazaunin Minna ya tuna kafin ya auna baƙo da dala. Garin kansa layin dogo ne ya raya shi, tun daga aikin layin Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911, wanda ya tara leburori da maƙera da akawuna daga ko'ina a kan ƙasar Gbagyi. A 1966 wata matashiya 'yar Ingila, Bridget Honey, wadda ta musulunta tun tana ƙasarsu, ta sauka Kano don koyarwa a Makarantar Nazarin Larabci. Ita ce Hajiya Aisha Lemu. Da ita da Sheikh Ahmed Lemu da Alhaji Sani Ashafa Suleiman aka kafa Islamic Education Trust a 1969, wadda hedikwatarta ke Minna. A Minna aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985, ita ce Amirarta ta farko ta ƙasa. Littattafanta na darasin addini sun shiga makarantun sakandare a faɗin ƙasar. A Minna ta rasu a Janairun 2019. Ba attajira ba ce ranar da ta sauka, malamar aji ce. Matatar marubucin da ta yi aiki a lokacin, da ita za ta fara riƙewa.

Matsayin wannan martani a bayyane yake. Najeriya tana da cikakken haƙƙin sanin wanda ya shigo, inda ya sauka da ranar da zai fita, kuma tara da hana dawowa sun dace da wanda ya zarce da gangan. Amma kuɗin zama ya bi dalilin zaman: na ma'aikacin kamfanin mai dabam, na ɗalibi da malami da mai jinya da surukin gida dabam. A maido da ƙarin wa'adi ga mai gajeriyar ziyara, sau ɗaya ko biyu, da kuɗi madaidaici da hujja a rubuce, a kuma iya yin sa a ofishin hukumar na jiha ba sai an tafi Abuja ba. Sharaɗinsa ya zama mai masauki. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa: a tsarin zango baƙo ba ya kwana sai a hannun fatoma ko maigidan da zai amsa tambaya a kansa, in ya ci bashi ko ya yi ɓarna a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Jami'a ta tsaya wa mai bincikenta, kamfani ya tsaya wa injiniyansa, dangin miji su tsaya wa mai takaba, wanda baƙonsa ya ɓace kuma hukunci ya hau kansa.

Kayan aikin ma suna ƙasa. A Yulin 2019 aka fara rajistar baƙi ta kwamfuta kyauta ga duk wanda zai wuce kwana 90, a 2025 kuma aka mayar da katin sauka da na fita na intanet, ta yadda hukuma za ta iya ganin wanda ya shigo bai fita ba tun ranar farko ta zarcewarsa. Da sabon tsarin ya fara aiki, an ba masu bizar da ta ƙare afuwa daga 1 ga Mayu zuwa farkon Agustan 2025 su daidaita zamansu ko su fita ba tara. Da lokacin ya gabato aka ga bai isa ba, sai hukumar ta ƙara wa'adin zuwa 30 ga Satumba.